Ɗiyar Fari a Ajin Uwarta

Lokacin da aka yanke mana jihar Kebbi daga Sakkwato, an raba ma'aikata kamar yadda aka raba motoci da kujerun ofis, kuma rabon da ya faɗo mana bai ishi aikin da ke ƙasa ba. Shi ya sa ni da nake shugabar wata firamare a Jega, ina fama da 'ya'yan mutane da iyayensu, aka wayi gari aka ce in miƙa makullin ofishina in koma shirya horon malamai na Jega da Aliero da Maiyama gaba ɗaya. Ban nema ba, ban kuma ƙi ba. Aka ba ni tebur a sakatariya, da wata tsohuwar a-kori-kura da direbanta, da abokiyar aiki guda ɗaya.

Abokiyar aikin nan Kirista ce daga can ƙasar Filato, ta biyo mijinta da ke aiki a ofishin gona. Kowa Madam yake ce mata, ni ma haka. Ita ce ta yi karatun sabuwar hanyar koyarwar da aka ce mu yaɗa. Ni kuwa na san gari da mutanensa, na san wanda ake gaisarwa kafin a shiga makaranta, da wanda in an manta da shi aiki ya lalace tun ba a fara ba. Mace ce mai kirki, amma in ta kafe a kan abu, gara ka je ka yi gardama da turmi. Ni ma ba kanwar lasa ba ce, don haka mun sha yin ta a cikin mota, direba yana tuƙi yana yi kamar ba ya ji.

Abin da aka ce mu koyar ba shi da wuyar faɗi. Malami ya daina tsayawa gaban allo yana zuba, yara suna amsawa baki ɗaya kamar 'yan amshi. Ya dubi yaro gaba ɗayansa: ya karya kumallo ko bai karya ba, idonsa yana gani, kunnensa yana ji, me yake tsoro, da wa yake wasa. Ya bar shi ya taɓa abu da hannunsa, ya yi kuskure, ya tambaya. Ya ajiye bulala. Kafin komai kuma, ya san sunan kowane yaro a ajinsa, ya yi magana da kowa, kada a tashi darasi akwai wanda aka tsallake. Wannan ta ƙarshen ita Madam ta riƙe kamar farilla.

Yawo muke yi da horon, wannan karo a Jega, na gaba a Aliero, sannan Maiyama, don kada wani gari ya ce an raina shi. Malamai suka sa masa suna karatun wasa. Ba na manta zamanmu na farko a Maiyama, da Madam ta sa manyan mutane masu gemu, wasu daga Andarai, wasu daga Gumbin Kure, suka zauna a tabarma, ta raba musu yumɓu ta ce kowa ya gina dabbar da yake so. Wani dattijo da ya tsufa a kan koyar da aji shida ya dube ni ya ce, "Hajiya, ashe wanga aiki na anka kira mu mu yi? In ɗiyana sunka gan ni, mi za ni ce musu?" Na ce ya ce musu gwamnati ce ta sa shi. Kafin azahar shi ne yake faɗa da na kusa da shi a kan ya karya masa wuyan raƙumi.

Maza dai da sannu aka shawo kansu. Inda gizo ke saƙar shi ne wajen mata. Malamai mata 'yan ƙasa ba su da yawa a lokacin, kuma waɗanda ake da su, mazajensu ba za su bari su wuni gaban wani namiji yana koya musu waƙa da tafi ba. Ni da Madam kuma ba za mu dawwama a kan hanya ba. Tsarin shi ne a zaɓi waɗanda suka fi iyawa cikin malaman da muka horar, su zama masu horar da sauran, kuma dole a samu mace ko da guda ɗaya ce. In babu ita, ɓangaren mata ya mutu ran da muka naɗe tabarmarmu. Kafin a tabbatar da kowa kuwa, sai wani babban jami'i ya zo daga Birnin Kebbi ya ga darasinsa a cikin ajinsa da yaransa, sannan ni da Madam mu sa hannu, mu biyu.

Macen da muka sa wa ido tana koyar da aji biyu a wata ƙaramar makaranta a wani ƙauye bayan Dangamaji. Malama zan kira ta. Doguwa ce siririya, ba ta da yawan magana, in ta zauna a taro sai ka manta tana wurin. A zaman Aliero ta fito. Lokacin ana cikin cire albasa, gari duk ya ɗauki warinta, har a tufafinka kake komawa gida da shi. Aka ce kowa ya koyar da lissafin ɗebewa ba tare da ya taɓa allo ba. Maza suka tsaya suna sosa ƙeya. Ita kuwa ta fita ta roƙo albasa rabin kwando wajen masu lodi, ta zube a tabarma, ta mai da wasu manoma, wasu direbobi, ana ɗiba ana duba abin da ya rage, ana musu ana dariya. Madam ta matse mini hannu ta ce, "Hajiya, mun samu." Ita ma Malama tana son abin har cikin ranta. Ta taɓa ce mini tun da ta fara aiki ba a taɓa tambayarta me ta gani a kan wani abu ba sai a wurin nan. Mijinta, wani manomi mai sauƙin kai, ya riga ya yarda ta riƙa zuwa garuruwan uku.

Muna da wata dabara ta gane yaron da ake mantawa da shi. Malami ya ɗebi tsakuwa, duk yaron da ya yi magana da shi ya ba shi guda, in an tashi a ce kowa ya buɗe hannu. Da gyaɗa muka fara, sai muka ga shaidar ba ta kaiwa ƙarshen darasi, muka koma tsakuwa. Dabarar ta ba malamai da yawa kunya, don kowa rantsuwa yake yi yana kula da kowa, sai a buɗe hannu a ga rabin aji babu komai.

Ran da muka fara zuwa ajin Malama, darasi ya tafi yadda ake so. Aka buɗe hannu, kowa da tsakuwarsa, wani har biyu. Yarinya ɗaya ce kawai babu, wata 'yar ƙarama tsaf-tsaf da ke zaune bakin taga. Madam ta ce ba komai, mantuwa ce, kowa yana yi. Muka sake dawowa, hannun yarinyar nan babu komai. Muka kuma dawowa, haka dai. A wannan zuwan na zuba wa Malama ido, na ga in ta biyo layi tana tambaya, da ta iso bakin taga sai idonta ya tsallake, kamar mai ƙetare wanda ke barci a tsakar ɗaki. Yarinyar kuma ba ta ɗaga hannu, ba ta ɓata rai, zamanta kawai take yi tana kallon bakin Malama.

Da aka tashi, Madam ta tsayar da ita a inuwar darbejiya ta ce, "Malama, yarinyar nan ta bakin taga, me ta yi miki? Mene ne ma sunanta?"

Malama ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta dubi ƙasa. Can ta ce, "Ɗiyag gidanmu ta."

"Na ji 'yar gidanku ce. Sunanta nake tambaya."

Na waiwaya na dubi yarinyar da ke tsaye can tana jiran 'yan uwanta, na dubi goshinta, na dawo na dubi goshin Malama, sai na ga kamar, na gane. Na ja hannun Madam na ce mu tafi, rana tana yi.

A ƙasarmu mace ba ta faɗin sunan ɗanta na fari. Ba ta yi masa magana a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi, da an yaye shi ma kaka ce take ɗauke shi. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kuma wadda aka ga tana rawar jiki a kan ɗan fari ta shiga bakin mata ke nan. Ni kaina nawa ɗan farin yanzu har ya yi furfura, kuma har gobe "wancan" nake cewa, kowa ya gane wanda nake nufi. Yarinyar bakin taga ɗiyar Malama ce ta fari. Wajen kakarta take, uwar Malama, kuma Yaya take ce wa uwarta, kamar yayarta ce. Babu wanda ya faɗa mana, don a ƙauyen babu wanda ya ga abin faɗi a ciki.

Duk wannan na zayyana wa Madam a mota. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Hajiya, na ji, kuma ban raina al'adarku ba. Amma yarinyar nan karatu aka kawo ta. Tun farkon shekara tana zaune, babu wanda ya tambaye ta komai. Mu ne muke ce wa malamai kada su tsallake yaro. Yanzu mu ɗauko wadda take tsallake yaro kullum mu ce ta koya wa wasu? Ba zan sa hannu ba."

Na hau ta da faɗa. Na ce za ta kashe ɓangaren mata kaf saboda abin da ba ta san kansa ba, na ce in ta san wata macen da za ta iya ta nuna mini gidansu. Na ji haushi ƙwarai. Sai da muka hango gadar Jega ta ce, "Ba sai ta kira sunan ba. Ko 'ke' ta ce mata, ta dube ta, ta tambaye ta abu ɗaya, na yarda."

Ta ga kamar ta yi rangwame babba, kuma a wajenta ta yi. Suna dama ba shi ne matsalar ba, mun saba kewaye shi. Malamar da ke da mai sunan mijinta ko surukinta a aji, "mai sunan Malam" take cewa a wuce wurin. Ɗan fari kuwa har ido ba a haɗawa da shi a gaban jama'a, balle a tsaya ana yi masa tambaya ana jiran amsa.

Da aka sa ranar zuwan jami'in, na koma ƙauyen ni kaɗai. Hedimastan makarantar mutum ne mai son a rabu lafiya. Ya ce 'yan aji biyu duk a ɗaki ɗaya suke, babu inda za a mai da yarinyar, amma abin ai mai sauƙi ne. Ran da baƙo zai zo a ce ta zauna gida, ko a tura ta aji uku ta ɓuya cikin manya har a gama. Ina cikin juya maganar a raina sai Malama, da ke tsaye bakin ƙofa, ta ce, "A'a, Malam. Ba ta yi laihin komi ba. In anka hana ta zuwa, ta san don mi anka hana ta. Gara ni in hwaɗi."

Na ce, "To, ki yi mata magana mana! Ke ba ki yarda a ɓoye ta, ba ki kuma yi mata magana, ƙaƙa kika so a yi?"

Ta ce, "Hajiya, wallahi ina so. Kullum da sahe in ina tahowa, ina shirya abin da za ni ce mata. In na shigo aji nig gan ta, sai halshena ya yi nauyi."

Na yi niyyar in ƙara mata faɗa, sai na ga idonta ya ciko, na haɗiye. Na san nauyin da take faɗi, don a bakina ma yana nan.

Na ce ta kai ni wajen tsohuwar, ko in ta ji daga bakin uwarta cewa babu komai, harshen zai saki. Muka same ta da la'asar a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa, ta sa aka dama mini fura mai sanyi. Malama ta wuce murhu ta juya mana baya tana hura wuta. Na kwashe bayani tun daga Birnin Kebbi har bakin taga na faɗa wa tsohuwa. Ta yi dariya har da tafa hannu, ta ce, "Ku 'yan boko ba ku rasa abin nema. Ni ban hana ta ba, ban ko sa ta ba, bakinta na. Amma waccan da kika gani," ta nuna murhu da haɓa, "ita ma ta hwari ta, kuma har yau ba ta taɓa jin sunanta bakina ba. Mi yas same ta? Ga ta nan har ta zama malama."

Na ga Malama ta dakata da hura wutar na ɗan lokaci, sannan ta ci gaba.

Tsohuwa ta ƙara da cewa, "Matan garin ga ko kin san su. Abin da anka yi aji da hantsi, kahin la'asar yana bakin rijiya." Na shanye furata na yi godiya. Na koma Jega yadda na fito, sai ma ƙarin nauyi a zuciya.

Kwanakin da suka rage ban ji daɗinsu ba. Na bi malamai matan garuruwan uku ɗaya bayan ɗaya a cikin kaina, ban ga wadda za ta maye gurbinta ba. Wannan ta iya amma mijinta ba zai bari ba, waccan mijin zai bari amma ita ko ajinta bai ji muryarta ba. Na kuma san in Malama ta faɗi, za ta koma ƙauye ta ja bakinta ta rufe kamar da, kuma ba za a sake jin ta ba. Ni da Madam muna gaisawa, muna aiki, amma ko sau ɗaya ba mu sake tayar da maganar ba.

Jami'in ya zo ranar da aka ce. Wani ƙaƙƙarfan mutum ne da babbar riga, ya riga ya ga na Maiyama da na Aliero, ya gaji, gumi yana bin wuyansa. Bai san komai a kan yarinyar bakin taga ba, mu kuma ba mu faɗa masa ba. Motar gwamnati kuwa ba ta shiga ƙauye a ɓoye. Kafin a kawo mana benci a bayan aji, rabin gari ya taru. Tagogin ajin babu marfi, mata masu dawowa daga rijiya suka sauke tuluna suka jeru suna leƙe. Na ce a raina, to, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Malama ta kawo babban daro cike da ruwa ta ajiye a tsakiyar aji, yara suka kewaye shi a zaune. A faifai ta jera tarkace iri-iri, su dutse, kara, ƙusa, ƙoƙo, gashin kaza, guntun sabulu, da sauran abin da ta tsinto. Darasin shi ne abin da yake nutsewa da abin da yake tasowa. Ta fara da gaishe su, ta tambayi wani da ya sha zazzaɓi jikinsa, ta matso da wata mai ciwon ido kusa da ita. Sannan ta shiga kiran su ɗaya-ɗaya, kowa da sunansa. Ta ɗaga abu ta ce ya faɗi abin da yake zato, ya taso ya jefa da hannunsa. In ya dace a yi tafi, in bai dace ba a yi dariya har da shi. Aji ya ɗauki hayaniya mai daɗi. Jami'in da ya shigo yana hamma ya miƙe wuya yana son ya ga ko sabulu zai nutse.

Ni ban ga sabulu ba. Faifan nake kallo yana raguwa, ina kallon bakin taga. Sau nawa Malama ta nufi wajen, sai ta yi kwana ta kira na gefe. Madam tana kusa da ni, fuskarta babu yabo babu fallasa, tana ta murza biro a hannu. Na hango hedimasta ya fito daga ofis ya nufi ƙarfen da ake bugawa in lokaci ya cika. Kowa a ajin nan an kira shi, saura mutum ɗaya, a faifai kuma saura albasa guda.

Malama ta ɗauki albasar ta tsaya tana juya ta a hannu. Ta daɗe a haka, har yara suka yi tsit, har jami'in ya ɗago kai ya dube ta. Ni kuwa duk addu'ar da ta zo bakina yi nake, ina cewa a zuci, ki ce "ke" kawai, baiwar Allah, "ke" kawai mu tashi.

Sai ta kira sunan.

A hankali ta faɗe shi, kamar mai tsoron kada ya fashe. Yarinyar ta waiwaya ta leƙa ta taga, ta dubi matan da ke tsaye, ta dawo ta dubi na kusa da ita. Ba ta motsa ba. Malama ta ɗaga kai ta dube ta sosai, ta sake kiran sunan, wannan karon yadda kowa zai ji. Wata mata a taga ta dafe baki ta ce, "Iko sai Allah!"

Yarinyar ta miƙe tsaye a hankali tana riƙe da gefen rigarta.

Malama ta ce, "Wagga albasa, nutsewa za ta yi ko tasowa?"

Da ƙyar muryar ta fito. "Nutsewa, Malama."

"To, taho ki gwada mu gani."

Ta ratso ta cikin yara ta karɓi albasar da hannu biyu ta saka a ruwa. Albasa ta yi ƙasa kaɗan ta dawo sama tana lilo. Yarinyar ta danna ta da yatsa, ta sake tasowa. Ta danna da tafin hannu, ta suɓuce ta ɓullo ta gefe ta fantsama mata ruwa a fuska.

Malama ta ce, "Mi kinka gani?"

Ta ce, "Ta ƙiya!"

Aji ya fashe da dariya, ita ma ta yi, har ana ganin giɓin haƙorinta. Malama ta durƙusa ta kama wuyan hannunta ta ce su danna tare. Suka kai albasar har gindin daro, suka saki, ta taso. A daidai nan hedimasta ya buga ƙarfe.

Na ji kamar an sauke mini buhun gero daga ka. Na juya in ga Madam, na tarar ta tura kai cikin jakarta tana neman abin da ba ta ajiye ba. Na zungure ta da gwiwar hannu, ta zungure ni ba ta ɗago ba.

A ofishin hedimasta jami'in ya sha ruwa ya ce darasin nan shi ne ya fi burge shi cikin duk waɗanda ya gani. Gyara biyu kawai gare shi. A riƙa lura da ruwa kada ya jiƙa littattafan yara, sannan malamar ta riƙa ɗaga murya, don akwai wata yarinya can wajen ƙarshe da ta kira bai ji sunan ba sai a karo na biyu. Na ce in Allah ya so za a gyara, ranka ya daɗe. Madam ta riga ni sa hannu. Daga ranar Malama ta zama mai horar da mata a garuruwan uku, ta kuma yi shekaru tana yi. Matan ƙauye sun ɗauki maganar sun kai rijiya kamar yadda tsohuwa ta ce, suka tauna ta har ta fita ransu, wata sabuwa ta zo suka koma kanta. Mu kuma muka sa zancen ɗan fari a cikin horon, a fili, sai ga shi har cikin maza akwai masu nasu a aji suna tsallakewa.

Da baƙo ya tafi na koma ajin na sami Malama ita kaɗai a zaune kusa da daro, ta lulluɓe fuska da mayafi gaba ɗaya. Daga ciki ta ce, "Hajiya, an jiya?"

Na ce, "Har bakin rijiya."

Ta ce, "Wayyo ni, ina za ni sa kaina!" Kafaɗunta suna rawa, ban san ko dariya take ko kuka ba, ina jin duka biyun ne. Na zauna kusa da ita na ce, "Ai na hwaɗa maki Madam ta ce ko 'ke' ya isa. Wa yas sa ki ɗaukar babban kaya?"

Ta ɗan janye mayafin ta share ido ta ce, "Kowa da sunanshi nik kira shi, Hajiya. Ita kaɗai za ni ce ma 'ke'? Ai da ta gane."

Na fito na bar ta ta huce. Yara sun watse, saura 'yan kaɗan a bakin baranda suna jiran 'yan gidansu na manyan azuzuwa. Yarinyar tana cikinsu, hannun rigarta har yanzu a jiƙe. Na tsaya a kanta na yi mata irin wasan da kaka ke yi wa jika, na ce, "Ke, ƙawata, mi yah hana ki tashi da anka kira ki? Ko kunne na babu?"

Ta sunkuyar da kai tana murmushi ta ce, "Na zaci wata anka kira."

"Akwai mai sunanki ajinku?"

Ta girgiza kai.

"To, wa kinka zata?"

Ta matse ruwan hannun rigarta, sannan ta ɗago ta dube ni ta ce, "Ni ban san ta san shi ba."